Sallama Kafin Maganar Siyasa

Bahaushe ba ya faɗa wa gidan wani sai ya tsaya a zaure ya yi sallama. Haka kuma in zai ambaci abin ƙyama a gaban manya, sai ya ce a gafarce shi tukuna. Dalili kuwa shi ne a ba mai saurare dama ya kintsa. Wannan ɗabi'a ce nake so mu ɗauko mu kai cikin wayoyinmu.

Kun san dai yanzu hira ta koma cikin waya. A nan Batagarawa, kusa da birnin Katsina, da wuya ka sami mai babbar waya wanda ba ya cikin wani zaure na WhatsApp. Akwai na dangi, da na 'yan unguwa, da na manoma. Ni ina cikin uku. Don sanarwar suna da ɗaurin aure da jana'iza aka buɗe su. Amma da zarar zaɓe ya gabato, sai ka ga zaure ya rikiɗe ya zama dandalin jam'iyya. Mutum ya buɗe waya da asuba don ya ji ko majinyaci ya kwana lafiya, sai ya yi karo da zagin wanda yake so.

Ba abin mamaki ba ne siyasa ta yi zafi a ƙasarmu, gama Jihar Katsina ta ba Nijeriya shugabanni biyu ta hanyar ƙuri'a, watau Umaru Musa 'Yar'aduwa na PDP a 2007, da Muhammadu Buhari na APC a 2015. Tun ma zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, da abokiyar hamayyarta NPC, tsofaffi suna ba da labarin maƙwabtan da suka daina gaisawa. Bambancin kawai shi ne, a da mutum yana iya kauce wa wurin lacca. Yau kuwa laccar ce take binsa har ɗakin kwana. A zaɓen 2023 na ga 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, sun fice daga zauren danginsu, har rasuwar gwaggonsu sai a bakin wasu suka ji.

Mutanen wasu ƙasashe sun nemi dabara. Akwai wani dandali mai suna Mastodon, wanda wani saurayi a Jamus ya ƙirƙira a 2016. A can mai rubutu yana iya sa gajeren gargaɗi a sama, misali "siyasa", sauran maganar kuwa ta naɗe. Wanda yake so ya danna ya karanta, wanda ba ya so ya wuce abinsa. Facebook ma yakan lulluɓe hoton da ke da jini, sai mutum ya yarda sa'an nan ya buɗe. Shi kuwa WhatsApp, daga 2018 ya riƙa sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 kuma ya hana a tura saƙo wurare fiye da 5 a lokaci ɗaya.

Mu ma za mu iya, ba sai da wata na'ura ba. Mai son kawo zancen jam'iyya ya rubuta SIYASA da manyan baƙaƙe a kan saƙonsa. In murya ce ya ɗauka, ya faɗa tun da fari. In hoton gawa ne ko na rauni, ya gabatar da gargaɗi, in ma ya fasa turawa ya fi, domin mamacin nan ɗan wani ne.

Amma fa akwai wani rami da za mu kiyaye. Wasu za su mai da wannan ladabi takunkumi. Da ka ce taki ya yi tsada, ko rijiyar burtsatse ta lalace, sai su ce ka kawo siyasa. Wannan ba daidai ba ne. Sa'ad da aka sace yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga watan Disamba na 2020, uban da ya yi kuka ba tallar jam'iyya ya yi ba. Labarin 'yan bindiga, da tsadar hatsi, da rashin magani a asibiti, zancen rai ne, kowa yana da hakkin ya ji shi a fili. Abin da ke bukatar sallama shi ne yabon ɗan takara da kushen abokin hamayyarsa.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, shugaban kowane zaure ya tara jama'arsa tun zaɓe bai zo ba, a yi shawara, a rubuta ƙa'ida, ta hau kan kowa, babba da yaro, ɗan kowace jam'iyya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wanda aka zaɓa shekara 4 zai yi a sake ƙuri'a, amma ɗan'uwanka shi ne zai ɗauki makararka.