Wayar Da Ta Haɗa Kwamfutocin Gidanmu

Duk wanda ya san Kafanchan ya san gari ne na mahaɗa. Tun shekarar 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta nan ya sadu da Kaduna, wani reshen kuma ya nufi Jos. Mu da muka tashi a gefen tashar mun saba da ganin ƙarfe biyu suna sada garuruwa masu nisa. Amma abin mamaki, yau za ka tarar da kwamfuta biyu a ɗaki guda, taku uku ne tsakaninsu, masu su kuwa ba su san yadda za su sa ɗaya ta miƙa wa ɗaya saƙo ba sai sun sayi data, saƙon ya zaga duniya, kana ya komo ɗakin da ya baro.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan al'amari shi ne tsohuwar kwamfutar yayana. Shekara da shekaru yana ɗaukar muryoyin dattawan danginmu, waɗansu da Hausa, waɗansu da harshen Fantswam, suna ba da labarin zamanin jirgin gawayi da kafuwar unguwanni. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Sai na'urar ta fara ciwon tsufa: kafofin da ake soka filashi suka mutu, tana kuma ɗaukewa ba sallama. In ta tafi, muryoyin nan sun tafi ke nan, babu inda za a sake samo su.

Wani matashi maƙwabcinmu ne ya zo da waya shuɗiya mai tsawon mita biyu. Irin waɗannan matasa ba baƙi ba ne a garinmu, domin Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta koya wa samari da 'yan mata da dama aikin kwamfuta a unguwar Bayan Loko.

Ga yadda abin yake, jama'a masu karatu. Ana kiran wannan hanya Ethernet, Robert Metcalfe ne da abokan aikinsa suka ƙago ta a 1973 a kamfanin Xerox da ke Amurka. A cikin wayar akwai siraran wayoyin jan ƙarfe guda 8, an tufke su biyu-biyu. A tsofaffin na'urori, ta 1 da ta 2 su ne baki, watau masu aika magana, ta 3 da ta 6 kuwa su ne kunne. To, idan aka haɗa kwamfuta biyu da miƙaƙƙiyar waya, baki ya fuskanci baki, kunne ya fuskanci kunne, kowa na magana babu mai ji. Don haka ake gicciya wayoyin a kai ɗaya, masu ruwan lemo su sauya wuri da koraye, bakin wannan ya sami kunnen waccan. Na'urorin zamani kuwa suna gane wannan da kansu su daidaita, saboda haka in ɗaya daga cikin biyun sabuwa ce, galibi kowace waya za ta yi.

Bayan haka sai a raɗa wa kowace lamba, alal misali 192.168.1.1 da 192.168.1.2, kamar gida biyu a layi ɗaya. Kana a ba da izinin raba ma'ajiyar da ake son kwashewa. Muddin wayar ba ta wuce mita 100 ba, saƙo zai isa lafiya. Ko tsohuwar na'ura mai gudun megabit 100 tana iya tura gigabait guda cikin minti biyu ko ƙasa da haka. Kafin la'asar muryoyin dattawanmu duka sun ƙaura zuwa sabuwar kwamfuta, ba a kashe ko kwabo a kan data ba.

Sai dai akwai gargaɗi. Ƙasarmu ta kudancin Kaduna, musamman gindin duwatsun Kagoro, wuri ne mai ruwa da tsawa. Kada a ja wayar nan ta sararin sama daga gida zuwa gida, in kuma hadari ya haɗo a zare ta.

Na tabbata a Zonkwa da Kwoi da Kachia, kai har Kano da Sakkwato, akwai tsofaffin kwamfutoci jibge a lungu, cike da hotunan biki da takardun gona da muryoyin mamata. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Duk mai irin wannan ajiya ya nemi wayar nan ya kwashe ta tun na'urar tana numfashi.