Numfashin Baba da Ɗan Bututun Roba



Ya 'yan'uwana matasa, mahaifina shi ne limamin ƙaramin masallacin unguwarmu, kuma tun ina yaro na san shi da dogon numfashi; yakan ja aya mai tsawo bai yanke ba. A shekarar 2022 ya yi hatsarin mota, ya kwana 18 a kan injin numfashi da bututu a maƙogwaronsa. Allah Ya tashi kafaɗunsa, muka yi murna. Bayan wata biyu sai muka fara jin wani sauti kamar fito idan ya ja iska. Aka ce asma ce, aka ba shi abin shaƙa, shiru. Ranar da ya kasa kai Fatiha ƙarshe a sallar Magariba, ya jawo na bayansa ya ci gaba da limanci, ranar na san lamarin ya wuce asma.

Likitar da ta zura masa kyamara ita ta warware mana. Hanyar iskar babban mutum faɗinta kusan santimita 2 ne, zobban guringuntsi 16 zuwa 20 ke riƙe da ita a buɗe. Bututun da ya ceci ransa ya daɗe yana danne bangonta, wurin ya warke da tabo, tabon kuwa ya yi ta tsukewa har hanyar ta zama kamar tsinken shan lemo. Abin da ya fi shi ne a yanke wurin a ɗinke, amma zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan tiyata ba. Saura hanya ɗaya: a faɗaɗa wurin, a tokare shi da ɗan gajeren bututun silikon da suke kira sitent, irin wanda likitan Faransa Jean-François Dumon ya bayyana a 1990. Yana da 'yan ƙuraje a bayansa don kada ya zame.

Ni da ɗan karatuna na intanet na nace sai na ƙarfe, tunda ya fi sauƙin sawa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan sa na ƙarfe ga wanda cutarsa ba daji ba ce, domin nama kan tsiro cikin ragarsa, cirewa ta zama haɗari. Na ji kunya ƙwarai.

Baffana kuwa ya ce a bar wa Allah, ina mai karanta littafin Allah, ina roba a wuya? Baba ya dube shi, da ƙyar maganar ke fita, ya ce: "Yaya, ai tabaraun da nake karatun da shi ma ba da shi aka haife ni ba."

An sa. Sai dai ɗawainiyar ba ta ƙare ba. Kaki ba ya wucewa ta cikin robar yadda yake wuce hanyar asali, don haka safe da yamma sai an yi masa turirin ruwan gishirin asibiti. Wani dare na yi ganganci na tsallake, ina hira a waya; kafin asuba muna sashen gaggawa ana zuƙo abin da ya toshe. Bai taɓa yi mini gori a kai ba, ni kuma ban manta ba.

Bai koma limanci ba tukuna, a sahun farko yake tsayawa. Jiya da hantsi na jiyo shi daga ɗakinsa yana tilawa, yana yada zango a wuraren da a da ba ya tsayawa. Wata mai zuwa za a duba ko hanyar ta tsaya da kanta a cire robar. Ku sa shi a addu'a.

Wassalam.