Takardar da ta yi shekara 13 tana jiran mai ita

Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin CM2 ya san abin da ke faruwa idan lokacin haɗa dosiyen jarrabawa ya zo. Direkta zai shigo aji ya ce kowane yaro ya kawo takardar haihuwarsa kafin ranar kaza. Washegari wasu su kawo, wasu su ce tana wurin baba, baba kuma yana ci-rani, wasu su sunkuyar da kai kawai. Tun da aka maido da jarrabawar CFEPD wannan magana ta dawo mana sabuwa, domin babu yaron da ake rubuta sunansa ba tare da ita ba.

Bara, a ajina, yara fiye da goma ne ba su da takarda. Galibinsu an san matsalarsu: a gida aka haife su, ba wanda ya je ya sanar, sai dai a bi ta wurin alƙali. Amma akwai wata yarinya da lamarinta ya bambanta. Ita ce ta biyu a aji, a lissafi kuwa ba ta da na biyu. Mahaifiyarta ta zo lakwal da kanta, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce: "Mushe, wallahi an rubuta ta. Marigayi Baba ya ce ya je likita ya rubuta ta bayan suna. Takardar ce dai ban taɓa gani da idona ba."

Mahaifin yarinyar bai ƙi karatunta ba, bai kuma damu da shi ba. Abin da ya ce mini shi ne, in takarda ta samu to, in ba ta samu ba ai ta iya karanta wasiƙa, ya isa. Na san abin da "ya isa" ke nufi ga ƴar shekara goma sha uku a ƙauyukanmu. Saura mako uku a rufe karɓar dosiye.

Ranar Laraba da yamma, da yake babu aji, na ɗauki uwar da ƙanin mijinta muka tafi ma'aikatar magajin gari. A nan na fara koyon darasin farko: takardar haihuwa ba irin takardar da kowa zai shiga ya ce a ba shi ba ce. Akwai dokar da aka sa wa hannu ranar 23 ga Fabrairun 2011, wadda ta bai wa ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun ma'aikatun gwamnati, amma abin da ya shafi rayuwar wani mutum ba a buɗe shi ga duk wanda ya ga dama. Da ni kaɗai na je, da an ce mini in koma in zo da iyayen yarinya, kuma da sun yi gaskiya.

Ma'aikacin da ke kula da rajistar haihuwa ya yi mana tambaya uku: wace shekara, wane suna, ina aka haife ta. Na buɗe littafin makaranta na karanta masa abin da ke ciki: an haife ta wajajen 2012, a garinmu, sunanta kaza. Ya ɗauko rajistocin 2012 daga cikin wani kabad na ƙarfe, muka zauna muna bin su shafi-shafi har aka kira la'asar. Babu. Muka dawo ranar Juma'a da safe, bayan na roƙi abokin aikina ya riƙe mini yara, muka bi na 2013. Nan ma babu.

A nan ne wani da ke zaune a benci yana jiran tasa buƙata ya ba ni shawara: "Mushe, me ya sa kake wahalar da kanka? Ku samo shaidu biyu ku je wurin alƙali a yi mata sabuwa. Har ma ka rage mata shekara ɗaya, ta amfane ta gaba." Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Hanya ce da doka ta tanada ga wanda ba a taɓa rubutawa ba, kuma lokaci yana ƙurewa. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani tsohon ɗalibina da ya kai har BEPC da takarda ɗaya, da ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa sai wata ta fito da wata shekara daban da wani rubutun suna daban. Ya fi shekara yana kai da komo kafin a daidaita masa. Idan gaskiya ne an rubuta yarinyar nan, to yi mata ta biyu ɗaura mata matsala ne wadda ba za ta gani ba sai ta girma.

Da dare na yi ta juya tambayoyin nan uku, sai na gane cewa duk amsoshin da na bayar daga littafinmu na ɗauko su, littafinmu kuma mu muka rubuta shi. Na san yadda ake ɗaukar yara a CI a ƙauye. Yaron da ba shi da takarda, a ce ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. In ya taɓo, ya kai shiga lakwal, sai a ƙiyasta masa shekara a rubuta. Sunan da ake kiransa da shi a gida shi ake sawa. Wurin haihuwa kuwa, garin da makaranta take. Ni ma na yi haka ba sau ɗaya ba. A makarantar horon malamai mun koyi yadda ake cika littafin rajistar ɗalibai da kyakkyawan rubutu, amma ni ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko abin da nake rubutawa gaskiya ne ba.

Sai na koma gidansu, na zauna a zaure, aka kira uwar. Wannan karo ban tambaye ta shekara ba, na tambaye ta abin da ta tuna. Ta ce an gama yankan gero, ana kai damma rumbu, kwana kaɗan bayan Sallar Layya, har akwai sauran soyayyen nama a gida. Ta ce mijinta bai daɗe da dawowa daga Libiya ba, ya dawo ba shi da komai saboda yaƙi, kuma a kwanakin ana ta maganar an kashe Gaddafi. To an kashe Gaddafi ranar 20 ga Oktoban 2011, Sallar Layya ta wannan shekara kuma a farkon Nuwamba aka yi ta. Ke nan yarinyar ƴar Nuwamban 2011 ce, ba 2012 ba.

Na ce, "A nan gidan kika haihu?" Ta rufe baki da mayafi ta ce, "Haba Mushe, haihuwar fari?" Kunya ta kama ni, domin abin da kowane Bahaushe ya sani ne: mace takan koma gidan iyayenta goyon ciki, a can ta haihu, a can ta yi wankan jego. Garin iyayenta kuwa yana cikin wata ƙaramar hukuma ce daban. Haihuwa a inda aka yi ta ake rubuta ta, ba a inda uba ke biyan haraji ba. Kwana biyu muka ɓata muna neman abu a gidan da bai taɓa shiga ba.

Saura suna. Sunan da muke kiran yarinyar da shi sunan rana ne. Sunanta na yanka na kakarta ce ta wajen uba, kuma uwar ba ta iya furta sunan surukarta, ballantana ga ƴar fari. Ƙanin mijin ne ya faɗa mini a kunne.

Ranar Litinin na nemi izini, na zuba wa moto mai, na ɗauki kawun yarinyar muka kama hanyar rairayi. Ma'aikatar can ɗaki uku ce. Wanda muka tarar dattijo ne mai furfura, ya ce ya fara aikin nan tun ba a daɗe da zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ba. Na gaishe shi na ce, "Baba, mun zo da wahala." Ya ce, "Mushe, in kun zo da wata da shekara ba wahala ba ce. Masu zuwa su ce mini a duba kawai, su ne wahala."

Shi ya bayyana mini yadda takarda ke tafiya. A gidan likita ko wurin mai gari akwai littafin sanarwa, inda ake rubuta cewa an haifi wane, ɗan wane da wance, ranar kaza. Wannan sanarwa ce kawai, ba ita ce takardar haihuwa ba. Sai an kawo ta ma'aikatar magajin gari, a juye ta cikin babbar rajista, a ba ta lamba, a sa hannu a buga hatimi. Shafin yana da ɓangaren da ke zama a jikin littafi da ɓangaren da ake yage wa iyaye. Ya ce mutane da yawa da zarar an rubuta su a likita sai su ɗauka an gama, ba su ƙara waiwayowa.

Ya jawo rajistar ƙarshen 2011. Gara ta ci gefen bangonta, wasu shafuka kuma sun sha ruwan wata damina, tawada ta bazu. Ya riƙa bi da yatsa. Sunan uban ya kusa sa mu wuce ta, domin mu a makaranta mun rubuta Mahamadou, su kuma Mamane suka sa, alhali mutum ɗaya ne. Sunan uwa da sunan ƙauye ne suka tsayar da shi. Ya juyo mini littafin. Ga sunan yarinyar na yanka, ga rana a cikin Nuwamba, ga sunan kakanta a matsayin wanda ya kawo sanarwa. Ɓangaren iyaye yana nan manne, ba wanda ya taɓa zuwa karɓa. Tsohon ya cika alkawarinsa, ya rasu bai san akwai sauran tafiya ɗaya ba.

Kawun yarinyar ya yi ta maimaita "Allahu akbar". Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne tarin da dattijon ya nuna mini kafin mu fita: takardun da aka gama aka sa wa hannu, shekara da shekaru, masu su ba su zo ba. Wa ya san yara nawa ne daga cikinsu aka sake yi wa wata takarda a wurin alƙali, ko suka bar karatu a kan cewa ba su da ita?

Mun biya kuɗin tambur aka yi mana kwafi mai hatimi, asalin kuma na ce a adana shi a gida kada a kai shi ko'ina. Direkta ya gyara suna da shekara a littafin makaranta. Dosiye ya shiga saura kwana huɗu. Yarinyar ta ci jarrabawa, yanzu tana kwaleji, tana koyon amsa sunan da ba a taɓa kiranta da shi ba.

Ga iyaye, abin da zan ce kaɗan ne. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, kuma sanarwar kyauta ce. Bayan suna a koma inda aka haihu a ba da sunan yanka, ba sunan wasa ba. Daga nan a bi sawu har takarda ta zo hannu, a sa mai karatu ya duba suna da rana tun a wurin. Wanda wa'adi ya wuce masa, sai ta hannun alƙali, kuma akan yi zaman da alƙalai ke fitowa har cikin garuruwa domin irin wannan. In kun ji sanarwa kada ku bari ta wuce ku. Amma kafin a yi sabuwa, a tabbata babu tsohuwa.

Ga ƴan uwana malamai, ba a fafe gora ranar tafiya. Muna da shekara shida tsakanin CI da CM2, amma sai saura mako uku muke tuna takardar haihuwa. Bana na roƙi direkta muka fara tun daga ƙananan azuzuwa, tare da kwamitin iyayen yara: wane ne ke da takarda, wane ne aka sanar amma ba a karɓo ba, wane ne ba a taɓa rubutawa ba. Ga kowane yaro muna tambayar uwarsa inda ta haife shi da abin da ake ciki a lokacin. Idan za ku je ma'aikata, ku je da iyaye, da wata da shekara, da sunan uba ta kowace fuska da ake rubuta shi, da sunan uwa, da haƙuri. Mutumin da ke bayan tebur shi ma littattafai ne a gabansa, kuma abin da kuka faɗa masa shi zai nema.

Allah ya jiƙan wannan kaka da ya taka ya je likita, ya kuma raya mana yaranmu.