Kura da Bunkure: Daga Jiran Hadari Zuwa Jiran Ƙofar Ruwa

Matafiyin da ya baro Kano ta hanyar Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya ƙetare gadar Tamburawa ya doshi Kura, zai tarar da ƙasa kore shar a lokacin da ya kamata ta yi fari fat. Albasa da tumatir da masara sun shimfiɗu iya ganin ido, har Bunkure da Garun Malam. Abin da idonsa zai nema ya rasa shi ne inuwa.

A da, mutanen wannan yanki da ladabi suke zama da daji, ladabin da ke gauraye da tsoro. Ba kowa ke iya ɗora gatari a kan tsohuwar tsamiya ko kuka ba, don ana cewa masu abu na zaune a ciki. Gawo kuwa hikima ce ta kare shi: yana kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya ciyar da dabbobi. Ruwa kyauta ne daga Allah. In ya yi jinkiri a fita roƙo. Rani na marina ne da masaƙa, har rawanin ɗan Kura ya yi suna a wurin Buzaye.

Sai ga farin 1973, sai kuma madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako. Aka baje gonaki, aka tumɓuke itatuwa, aka yanka magudanai. Manomi ya rage ɗaga kai sama, ya koma tambayar ranar da za a buɗe ƙofar ruwa. Babu mai musun arzikin da ya biyo baya. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta isa shaida.

Amma ƙasar da aka mayar baiwa takan rama. Kachala ta cunkushe magudanai, wasu filaye sun jiƙe har kanwa ta taso, fadamun Haɗeja da Nguru kuma sun rasa ambaliyar da suka saba. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir ƙurmus. Turkawa ma, waɗanda kakanninsu ke girmama duwatsu da maɓuɓɓugai, sun ga gishiri ya ɓullo a filayen Harran bayan ruwan madatsar Ataturk ya isa can.

A ganina, tsoron iska ya tafi, kuma ba wanda zai yi kukansa. Sai dai ba a maye gurbinsa da wata doka mai ƙarfinsa ba. Yau idan rana ta take a Kadawa, 'yan ƙwadago goma ne ke matsuwa ƙarƙashin darbejiya ɗaya a bakin magudana.