Milimita Ɗaya Tak!

Milimita ɗaya, jama'a! Ita kaɗai ce ta raba gilashin da na gada da kyamarar da nake aiki da ita, kuma a nan Kakuri na ga an cike giɓin da idona. Wallahi har yanzu zumuɗin bai sake ni ba.

Wan mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai hoto ne a zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, ma'aikaci ya karɓi albashi ya zo a ɗauke shi riƙe da sabon kekensa. Ya bar kyamara Zorki 4, 'yar Tarayyar Sobiyet. Labulen cikinta ya ruɓe, amma gilashin da ke bakinta garau yake: Jupiter-12, milimita 35, mai faɗin gani. Ni kuwa tsohuwar Leica M2 gare ni, ta hannu, da gilashin 50 kawai. Duk mai yawo da 50 a lungunanmu ya san takaicin. Ka ja baya, ka ƙara ja baya, mai Keke Napep ya danna maka oda, bayanka ya bugi katanga, rabin ginin bai shiga ba.

Matsalar a baki take. Jupiter murɗa shi ake yi kamar marfin kwalba, faɗin bakinsa milimita 39, tsarin Leica na farko da Sobiyet suka kwaikwaya. M2 kuwa haƙora huɗu take so, ka saka, ka ɗan juya, ka ji ƙas. Wannan tsari ya zo da Leica M3 a 1954. To ga abin da ya tsuma ni: a tsohon tsari, daga baki zuwa fim milimita 28.8 ne, a sabon kuwa 27.8. Da gangan Jamusawa masu ƙera Leica suka rage ɗaya, don a samu wurin siririn zobe, adafta, tsohon gilashi ya hau sabuwar kyamara ya zauna daidai inda aka ƙera shi ya zauna. Tun shekara saba'in da suka wuce wani ya yi tunanin mai gado irina!

Wani abokina mai tara tsofaffin kayan hoto ya zube mini zobba a tabarma. Sai na ga lambobi a jikinsu: 28-90, 35-135, 50-75. Ashe zoben magana yake yi da kyamara. Tsawon ɗaya daga haƙoransa ne ke tura wani ɗan ƙarfe a ciki, fararen layukan da ke nuna iyakar hoto su sauya a tagar leƙe. Na sa 50-75, layin 50 ya fito. Na sa 28-90, M2 ta nuna mini ɗan ƙaramin akwatin 90, domin ba ta san 28 ba. Sai a M4-P aka ƙara wannan layi. Na sa 35-135. Subhanallah! Layukan suka buɗe har gefen taga, duk tsakar gidan ta shigo, har igiyar shanya.

Amma zobba biyu ke da wannan lamba, kuma ba su yi daidai ba. Irin wannan kyamara ba ta cikin gilashi kake kallo ba. Tagogi biyu ne ke ba ka siffa biyu a tsakiya, kana juya gilashi wata 'yar taya a ciki tana bin gindinsa, sai siffofin su haɗe, ka san nisa ya yi. Da zobe na farko, na kai gilashi ƙarshen nisa na auna wata doguwar eriya can nesa, siffofin suka ƙi haɗewa. Da na biyu, cak!

Na kwashe su na nufi wurin wani dattijo mai injin yankan ƙarfe, wanda ya yi aiki a kamfanin Peugeot. Na ce, "Baba, don Allah a auna mini kaurin waɗannan." Ya goge ma'auninsa da gefen riga, ya matse na farko, ya girgiza kai. Ya matse na biyu ya ce, "Ɗana, wannan shi ne ɗaya cif. Wancan ya gaza da kaɗan, kuma a aikinmu kaɗan ɗin nan shi ne komai." Bai taɓa riƙe Leica ba, amma nan take ya gane ciwon.

A kula da abu biyu. Tsofaffin gilasan kyamarar Zenit ma bakin 39 gare su, za su murɗu lafiya, amma nisansu da fim ya haura milimita 45, hoto ba zai fito ba. Sannan gindin Jupiter-12, wanda aka kwaikwayo daga Biogon na Zeiss, ƙwallon gilashi ne tsirara da ke kutsawa har dab da labule. A M2 ya shiga lami lafiya, ina riƙe da numfashi. A Leica M5 ko CL kuwa kada a gwada, zai daki hannun ma'aunin haske.

Daga wurin dattijon, ko gida ban koma ba, na zarce ƙofar KTL, masaƙar da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002. Sau nawa na tsaya a nan da gilashin 50, in samu ƙofa in rasa katanga, in samu katanga in rasa mutane? Yau daga inda nake tsaye komai ya shiga: ƙofar, dogon rufin da ya yi tsatsa, mai gasa masara, yara 'yan makaranta suna wucewa. Da na wanke fim ɗin da daddare na ɗaga shi a fitila, rubutun jikin bango ya fito tsaf, ana karanta shi harafi harafi.

Litinin mai zuwa Kasuwar Monday zan shiga da shi, tsakiyar masu tumatir da gwanjo, inda babu wurin ja da baya ko taku ɗaya. Na riga na sayi fim.