Kasuwar Azurfa a Ƙarƙashin Landan

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Landan ne ya dage sai mun je. "Kawu, akwai wata kasuwa a garin nan da rana ba ta leƙa ta." Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa muka sauka a Chancery Lane, unguwar lauyoyi. Daga waje ginin ofis ne kawai. Sai an gangara matakala ake tarar da dogon lungu, shaguna a jere, kowanne da ƙofar ƙarfe mai kaurin gaske.

A 1885 aka buɗe wurin don masu hali su riƙa ajiyar dukiya da takardu. A hankali dillalan azurfa suka kama ɗakunan. Bam ya rusa ginin sama a Yaƙin Duniya na Biyu, amma na ƙasa ya tsira, tun 1953 kuma yake a fasalinsa na yau, ana kiransa London Silver Vaults.

Tire da cokula da mazaunin kyandir, duk na wuce su da sauri. Abin da ya tsayar da ni a wani shago wasu kwalabe ne na gilashi mai sassaƙa, an ɗaura musu azurfa a wuya da baki. Na barasa ne, irin waɗanda attajiran zamanin Sarauniya Victoria ke juye wuski ko burandi a ciki kafin a kai gaban baƙi. Ni ba na sha, amma aikin hannu ba ya buya.

Mai shagon, wani dattijo marar gaggawa, ya miƙo mini ɗan madubin ƙara girma, ya nuna gefen wuyan kwalbar. Hatimai ne ƙanana, ba su fi ƙwayar gero ba. Zaki mai tafiya shi ne shaidar cewa kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla. Anga alamar Birmingham ce, inda aka kafa ofishin gwajin azurfa a 1773 bayan Matthew Boulton ya matsa wa majalisa. Da a Landan aka gwada, kan damisa za a gani, alamar da ta samo asali tun dokar 1300. Sai harafi guda mai nuna shekara, da haruffan sunan maƙerin. Abin ya burge ni ƙwarai: ba bakin dillali ake bi ba, ba kuma na maƙeri ba. Wani na uku ne ya kankari azurfar ya gwada, sannan ya buga hatimi.

Gilashin shi ba shi da irin wannan shaida, nan ne kuma ake cutar mai saye. Murfi kan fashe a sauya shi da wani. Dattijon ya zare murfin ya nuna mana lamba da aka karta a gindinsa, ga irinta a bakin kwalbar: tare aka goge su har suka dace. Nauyin gilashin da ƙyallinsa kuwa daga dalma suke, dabarar da George Ravenscroft ya yi wa rajista a 1674. Dalmar kan tsatso cikin abin sha idan ya daɗe a ciki, shi ya sa ya ce yana gargaɗin masu saye kada su mai da kwalbar ma'ajiya.

A lungun shagon akwai kwalabe uku cikin wani mazauni na katako, an gitta sanda a kan murafensu, ga makulli. Tantalus ake ce masa, gidan sana'ar Betjemann na Landan ne ya yi masa rajista a 1881. Kana ganin abin da ke ciki, ba ka iya zubawa.

"Kawu, wa ake kulle wa?"

Dattijon bai jira na amsa ba. Ya ce barorin gida, wani lokaci har da 'ya'yan maigidan. Ya juya mabuɗin, sandar ta kwanta baya, ya ɗago kwalbar tsakiya ya ce in riƙe da hannu biyu. Da ya faɗi kuɗinta sai yaron nan ya yi maza ya karɓe ta daga hannuna ya mayar.