Mu Ya Mu: Haya ko Naka na Kanka?

Tunda mu ya mu ne, bari in faɗi abin da ba zan faɗa a gaban surukai ba: a wannan zamanin zaman haya ba gazawa ba ne. Na ga Alhaji ya ɓata rai. Yi haƙuri, Alhaji, kai ka yi naka ginin tun siminti yana araha, bar mu mu ƙarasa.

Na san abin da ke cin ran kowa. A Kano in ka je neman aure, kafin a tambayi sana'arka wani kawun zai ce, "Yana da muhalli?" Mai gida yana son kuɗin shekara cif a dunƙule, a Abuja ma wasu na shekara biyu suke nema, ga la'adar dillali. Kana zaman zamanka a aiko maka da notis, wai ɗan mai gida zai yi aure. Uwargida ta kwashe kwanuka, yara su sauya makaranta da Islamiyya. Wanda aka taɓa yi wa haka, ko bashin waye zai ci don ya rufe ƙofar da ba mai ƙwanƙwasa masa. Ban ga laifinsa ba. Amma zuciya daban, lissafi daban.

Ku tuna yadda abin ya faro. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti da bai kai dubu biyar ba a farkon 2023 ya taɓa dubu goma a wasu wurare cikin shekara guda, rodi da kwano da tifar yashi suka bi sahu. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. To mai gidan da ya ƙara maka haya ba kullum mugunta ba ce. Shi ma rufinsa ke yoyo, kuma kasuwa ɗaya kuke shiga.

Malam, ɗauko wayarka ka buga mana. A ce gida na miliyan 30, hayarsa miliyan ɗaya da rabi a shekara. Sai ka yi shekara ashirin kana biya kafin ka kai kuɗin gidan a farashin yau. Yanzu a ce ka ciyo miliyan talatin ɗin daga banki. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa sai sun ɗora nasu. A kashi 30, ruwan kaɗai miliyan tara ne a shekara, uwar kuɗin ba a taɓa ta ba. Hayar shekara shida ke nan a shekara ɗaya. Ban ma shigo da hukuncin riba ba, wannan fagenka ne, Malam, kuma mun san amsar.

Masu albashi za su ce ai akwai Asusun Gidaje na Ƙasa. Akwai, tun 1992, ana yankar kashi biyu da rabi na albashi, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana ba da rance a kan kashi 6, a biya har shekara talatin. Da sauƙi ƙwarai, sai dai ruwa ne dai, kuma sai gidan yana da cikakkiyar takarda, ga jira. Bankunan da ba ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, su saye suke yi su sayar maka ko su ba ka haya har ka mallaka. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe kafin ka sa hannu, don su ma ba sadaka suka buɗe ba.

To sai mu zauna a haya muna tara kuɗi? A'a, Yaya, nan ne na rabu da masu cewa a jira abubuwa su sauka. Kuɗin da ka ajiye a asusu farashi yana cin sa kana barci. Wanda ya tara kuɗin buhu ɗari na siminti a farkon 2023, da ya je saye bayan shekara guda hamsin zai ɗauko. Kada ka tara naira, ka tara abu. Ka ɗauki adashinka ka sayi fuloti, ko hamsin-hamsin ne. Bana katanga, baɗi ɗaki biyu zuwa linta, a yi rufi, a shiga a ƙarasa daga ciki. Yawancin gidajen da muke gani a Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Mariri haka aka yi su, ba da cek guda ba.

Sai dai fili shi ne inda ake kuka, don haka ku saurara da kyau. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da kake riƙe da shi izinin amfani ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da fili mai takarda sai da amincewar gwamna. Awon igiya ya fi awon gwamnati araha, shi ya sa muke rububinsa, amma rubutun da aka yi a gaban mai unguwa da shaidu biyu ba ya hana titi ya bi ta tsakar gidanka, ba ya hana fili ɗaya a sayar wa mutum uku. Ka je hukumar filaye ta KANGIS a duba maka, ka nemi izinin gini a hukumar tsara birane ta KNUPDA. In gonar gado ce, kada ka yarda da bakin babban wa shi kaɗai; ka ji daga kowane magaji, har matan da ke gidan aure. Kuma rusau ɗin watan Yunin 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya nuna mana cewa ko da takarda a hannu, in wurin na jama'a ne asali, gwamnati na iya sauyawa magana ta sauya. Jikin makaranta, gefen maƙabarta, bakin badala, hanyar ruwa: ko kyauta aka ba ka, ka gode ka wuce.

Akwai kuma nisa. In shagonka yana Kantin Kwari, ka tare a bayan gari inda ba wuta ba famfo, kuɗin mai da na mai ruwa da na A Daidaita Sahun yara su ne sabuwar hayarka, kuma kullum ake karɓarta. Filin zai iya jiran unguwa ta cika, ba dole ka tare yau ba.

Ƙasa-ƙasa kuma, kada a ji daga bakina: in da gwal ɗin uwargida aka sayi filin, a sa sunanta a takarda, ko a rubuta kasonta da shaidu. Ranar rabon gado tumuni za a ba ta in akwai 'ya'ya, a raba da abokan zama in akwai, kuma dangi ba sa tuna wanda ya sayar da sarƙa.

Ni dai nawa hukuncin ke nan. Ku ci gaba da haya kusa da abincinku, ku nemi mai gida ya rubuta yarjejeniya da wa'adin ƙari, ku sayi fili mai tsabtar takarda da zarar hali ya yi, ku gina da abin da ke hannu. Bashin banki mai ruwa don sayen gida kuwa, kada wani a cikinmu ya kusance shi.